Igalar da ta kwana fiye da shekara 20 a gindin mangwaro

Mai gwangwan ya zo da yaransa biyu da ma'auni, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan hannu, sannan ya faɗi abin da zai biya. Kuɗin ƙarfe ya yi mata, na kilo. Lokacin ba a daɗe da sadakar arba'in ɗin mahaifinmu ba, ana cikin lissafin abin da ya bari domin rabon gado, ita ma motar dole ta shiga lissafi ko da tayoyinta huɗu sun nutse cikin ƙasa. Babban yayanmu ya ce a sayar a huta. Inna ba ta ce uffan ba sai da mutumin ya fita, sannan ta ce, "Da ita ya kai ni asibiti haihuwar ku uku. Ku yi yadda kuka ga dama, amma kada a sare ta ina gani."

Na roƙi 'yan'uwana a yi mata kuɗi a cire daga kasona. Aka kira dillalin mota ya yi mata ƙima a gaban kowa, aka rubuta, aka sa hannu. Na fara da wannan ne domin duk wanda zai taɓa tsohuwar motar gida, daga nan ya kamata ya fara. Motar da ba a tantance mai ita ba tana kwance, ranar da ta tashi ta yi sheƙi ranar ce za a tuna cewa ta kowa ce.

Wace mota ce

Volkswagen Igala ce. Yaran yanzu ba su san ta ba, wasu ma in na faɗi sunan sai su ɗauka ƙabilar nake nufi. Asalinta 'yar Burazil ce. Reshen Volkswagen na can ya fito da ita a 1973 da sunan Brasília, sunan babban birnin ƙasar, ya ci gaba da ƙera ta har 1982, kuma an yi fiye da miliyan ɗaya. Daga 1976 aka riƙa turo mai ƙofa biyar ɗin a wargaje cikin akwatuna zuwa masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas, kan hanyar Badagry, a harhaɗa ta a can a sayar da sunan Igala. Masana'antar ta fara aiki a 1975, shekara ɗaya da ta Peugeot a nan Kaduna. Garinmu garin 504 ne, amma Baba malamin makaranta ne, bashin motar da aka ba shi a ƙarshen shekarun 1970 bai kai kuɗin 504 ba, sai ya ɗauko Igala.

A ido ba ta kama da Beetle ko kaɗan. Mai kusurwa ce, gilashi ko ta ina, fitila huɗu a gaba, ƙofar baya kuma ɗaga ta sama ake yi har da gilashinta. Amma in ka leƙa ƙarƙashi, jinin Beetle ne. Injin a baya yake, silinda 4 a kwance, biyu dama biyu hagu, girmansa cc 1584. Babu lagireto, babu ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Giya 4. Tankin mai da safayar taya suna gaba. Bodin da kusoshi aka ɗaure shi a kan faffaɗan shasi, ana iya kwance shi a ɗaga. Abin da ya bambanta ta da Beetle wajen mai gyara shi ne injin yana ƙarƙashin daɓen but ɗin baya, ɗaki ɗaya da fasinja. Kafin ka duba baƙin mai sai ka ɗaga ƙofa, ka kwashe kaya, ka buɗe murfi.

Ni ba makanike ba ne. Aikin ofis nake yi, Asabar da Lahadi kawai nake da su. Wurin aikina rumfar kwano ce a bayan gida mai daɓen siminti. Na sayi jak mai taya, sifanar awon ɗauri, siraran ƙarafan nan na auna tazarar bawul, da soket mai lamba 36, na kuma sa aka walda mini ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora mota, saboda bulo yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba. Sauran kayan aikin gwangwanayen madara ne da na riƙa rubuta wa suna ina zuba kusoshi, da wayata da nake ɗaukar hoton kowane abu kafin in kwance shi. Wanda ya riƙe hannuna abokin Baba ne, tsohon makanike da ya koyi aiki a kan Beetle da Kombi tun yana saurayi. Baffa muke ce masa. Idonsa ya yi rauni, amma yatsunsa ba su manta komai ba.

Abin da ya kashe injin

Labarin da muka taso da shi a gida gajere ne: Baba yana dawowa daga Zariya, wajen Jaji injin ya yi wata ƙara kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, ya mutu. Aka jawo ta gida. Makanike ya faɗi kuɗi, lokacin kuma kuɗin makarantarmu ya sha kan albashi, sai aka tura ta gindin mangwaro "kafin wata mai zuwa." Kowa a gida cewa yake ta tsufa ne.

Sauke injin bai ba mu wahala ba. Kusoshi huɗu ne ke riƙe shi da giyabos. Muka cire wayoyi da tiyon mai da igiyar totur, muka tallafe shi da jak, muka ja shi baya muka sauke, muka ɗaga gindin motar muka zaro shi. Da muka cire kan injin na hagu, abin ya bayyana. Kan bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda ta 3 ya tsinke daga sandarsa, ya faɗa ciki, fistin ya yi ta dukansa har ya huda kansa. Guntun yana nan a maƙale, baƙi ƙirin, ya lanƙwashe kamar tsohon kwabo.

Baffa ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "Ba tsufa ba ne, ɗana. Zafi ne. Shimfiɗa tabarma, ka kawo mini duk kwanon da muka cire daga jikin injin nan."

Na jera su. Ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga, sannan ya fara faɗin waɗanda babu.

Sai na tsaya a nan na yi bayani, domin duk lamarin motar a nan yake. Injin da ba ya shan ruwa, rayuwarsa tana hannun fanka guda. Fanbel yana juya dainamo, fankar tana maƙale a bayan dainamon cikin wani gida na kwano, tana zuƙo iska daga sama ta tura ta ƙasa ta ratsa tsakanin haƙarƙarin silinda da na kan inji. Kwanukan da ke lulluɓe da injin su ne hanyar iskar. Aikinsu biyu ne: su tilasta mata bin inda zafin yake, su kuma raba sama da ƙasa, yadda iska mai sanyi za ta tsaya a sama, mai zafin da ta gama aiki ta fice ta ƙasa kada ta dawo. Akwai kuma roba mai zagaye ɗakin injin gaba ɗaya da ke toshe tsakanin kwano da bodi. In wannan robar ta tafi, fanka sai ta riƙa zuƙo zafin da ta fitar yanzu, har da na salansa, tana mayar wa inji.

A tamu, robar babu ita sam. Kwanon baya, wanda ke saman salansa, babu. Ƙananan robobin da ke toshe ramin fulogi, guda huɗu, babu ko ɗaya. Sai wasu 'yan kwanuka biyu da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda ake maƙalawa a ƙarƙashin silinda, ɗaya kowane ɓangare, domin su juyo da iska ta zagaye cikin silindar maimakon ta zube ƙasa ta tsakiya. Su ma babu. Waɗannan ba a iya sa su sai injin yana kwance, kafin a ɗora kai, wato wani ya taɓa buɗe injin ya haɗa ya bar su a ƙasa. Matsanyin baƙin mai kuma, wanda ke tsaye cikin gidan fanka, ƙura da mai sun toshe shi sun zama kamar laka, har da guntun leda. A wannan zubin inji, iskar da ke zuwa silinda ta 3 sai ta fara ratsa matsanyin nan, ta iso da ɗumi, shi ya sa ko injin yana lafiya ita ce ta fi 'yan'uwanta shan zafi. To ina ga an kwashe mata duk kariyarta.

Bawul ɗin da ya daɗe yana gasuwa miƙewa yake yi a hankali. Alamarsa ita ce tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke danna shi tana raguwa. Ƙa'idar wannan inji milimita 0.15 ce, a auna da sanyin safiya kafin a tayar. In tazarar ta ƙare, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, alhali ta wurin zaman nan yake sauke zafinsa, sai ya ƙara gasuwa, har ranar da zai tsinke. A aljihun gaban motar na tsinci ɗan littafin da Baba ke rubuta duk abin da ya kashe mata, da rubutunsa na malaman da. A shafukan ƙarshe "gyaran bawul" yana ta maimaituwa, tsakanin wannan da wancan yana ƙara matsowa. Motar ta daɗe tana faɗin ciwonta, ana ta saita tazarar ana mayar da ita hanya.

Na ji haushi, na kuma faɗa. Baffa ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kada ka zagi kowa. Ni ma na zubar da irinsu da hannuna. Mai mota yana tsaye a kanka yana duba agogo, kwanon ya lanƙwashe ya ƙi shiga, ka tayar da inji ka ji yana aiki lafiya lau ba tare da shi ba. Sai ka ce masa wannan na ƙasar sanyi ne. Ba ranar yake nuna maka ba, sai bayan shekara biyu, lokacin kuma ba wanda zai tuna." Na daɗe ina juya maganar nan. Maneji ne ya kashe motar, kowane ɗaya ƙarami, kowane ɗaya da uzurinsa, kuma duk abin da aka zubar in ka haɗa kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Haɗa injin

Muka wargaza shi har ƙasa. Wasan karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, gaba da baya ya wuce iyaka. Ƙa'ida tsakanin milimita 0.07 da 0.13 ne, namu kuwa da hannu ma kana jin ƙwas-ƙwas. Muka kai karanshaf wurin masu injin gogewa aka rage shi da 0.25, aka gyara mazaunin metal, wato 'yan zobban da karanshaf ke juyawa a cikinsu, a jikin kaskon injin, muka sayo metal daidai sabon awon. Kaskon ba ƙarfe ba ne, haɗin magnesiyam ne, mara nauyi, mai taushi, kuma yana kamawa da wuta, don haka Baffa ya hana a kusanto da walda inda yake. Dogayen kusoshi biyu na kan inji sun zare haƙoransu, aka sa musu sabon mazauni. Fistin da silinda a haɗe ake sayar da su, saiti guda mai faɗin milimita 85.5. Bawul na fitar hayaƙi duka huɗu muka sa sababbi, ba mu tsaya tantance mai kyau da mara kyau ba.

Abu ɗaya ya gagari sifanata: babban notin da ke riƙe fulayiwil, faifan nan mai nauyi na ƙarshen karanshaf, notin da ke son ɗauri na kilogiram-mita 35. Baffa ya tambayi nauyina, na ce kilo 70. Ya zura bututun ƙarfe a hannun soket, ya auna rabin mita daga tsakiyar notin ya ja layi da alli, ya daidaita bututun a kwance, ya ce in taka kan layin da ƙafa ɗaya in saki nauyina a hankali, ban da tsalle. Na tsaya a kai ina dafe da ginshiƙin rumfa har bututun ya daina sauka. Saba'in sau rabi, talatin da biyar.

Kwanukan da suka ɓace sun fi komai cin lokaci. Ƙananan na ƙarƙashin silinda iri ɗaya ne da na Beetle, na samo su a Panteka jikin wani mataccen inji bayan Asabar uku ina yawo. Gidan fanka kuwa na Igala ya fi na Beetle gajarta, tunda dole ya shige ƙarƙashin daɓen but, don haka namu muka buge muka gyara. Kwanon baya sai da na yanka kwali na gwada a jikin motar, na rage nan na ƙara can, sannan na kai wa wani maƙerin kwano a Panteka ya fitar mini da shi, har da lanƙwasar bakin da roba za ta kama. Ranar da na ɗora shi ya zauna ba tare da guduma ba, na ji daɗin da ban ji ba ranar da na sayi sababbin fistin.

Cikin wata uku injin ya haɗu. Na lulluɓe shi da buhu ina jin an ci rabin aiki. Ya yi kusan shekara a lulluɓe.

Inda na yi kuskure

Da inji na fara domin shi ne ya mutu, kuma shi ne mai daɗin yi. Da bodi ya kamata in fara, domin shi ke yanke hukuncin ko motar ta cancanci a kashe mata kuɗi. Da tsatsar ta wuce yadda na same ta, da na tashi da sabon inji ba motar da zan sa shi.

Daga nesa jikinta bai yi muni ba. Da na bi shi da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle sai ya riƙa faɗuwa a gindin ƙofofi da bayan tayoyi, alamar fila ce a wurin ba ƙarfe ba. Na sa abin gogewa, fila ta yi ta zuba kamar garin rogo, a wani wurin kaurinta ya kai yatsa, a bayanta kuma rami. Ganyen mangwaro na shekara da shekaru ya cushe magudanar ruwan da ke gindin gilashin gaba, ya ruɓe ya zama taki mai riƙe damshi, ya cinye wurin. Ramin safayar taya ya huje. Daɓen da ke ƙarƙashin kujerar baya, inda batir ke zama, ruwan batir ya mayar da shi kamar rariya. Mafi muni su ne dogayen bututun da ke bin gindin ƙofofi dama da hagu, waɗanda su ne ƙashin bayan bodin. Na hagu in ka matsa da babban yatsa yana shiga.

Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Na kwance kusoshin bodi, na cire ƙofofi huɗu don a rage nauyi, na tara matasan unguwa shida muka ɗaga shi muka ɗora kan benci. Baffa ba ya nan ranar, ya je jana'iza. Da ya zo washegari ya tsaya daga bakin rumfa ya ce, "Ina ƙarfen da ka gicciya?" Ban gicciya komai ba. Bodin da gindinsa ya ruɓe, shasi ne ke riƙe da siffarsa. Kafin a raba su sai an walda ƙarafa a gicciye cikin kowace kafar ƙofa da kuma tsakanin dama da hagu. Da muka gwada mayar da ƙofar baya ta hagu, samanta ya ciji ginshiƙi, ƙasanta kuma ya bar tazarar da yatsu biyu za su shige.

Gyaran wannan ya ci mana makonni. Muka mayar da bodin kan shasi, muka rataya ƙofofin duka, muka riƙa turawa da jak da katako kaɗan-kaɗan, muna aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa muna kwatantawa da ɓangaren dama, har tazarar ƙofofin ta daidaita. Sannan aka walda ƙarafan da ya kamata a sa tun farko. Har yau ƙofar nan sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa da kyau, ni kaɗai na san dalili duk lokacin da na ji ƙararta.

Walda ma sai da na koyi darasi. Mai waldar ƙofofin gida da na fara kira, na'urarsa ta lantarki ta fi ƙarfin kwanon mota, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Inda ya taɓa sai rami. Na sallame shi da mutunci na nemo fanabita mai waldar gas. Shi ya san aikinsa, yana ɗigawa nan ya tsallaka can, ya bar wuri ya huce kafin ya dawo, don kada kwanon ya murɗe. Tankin mai tun kafin ya kunna wuta na cire shi na kai can ƙarshen gida, na ajiye bokitin yashi kusa. Inda muka yi ta ja da shi wurin fila ne. "Alhaji, a shafa a rufe, wallahi ba mai gani," in ji shi. Na nuna masa tulin garin da na kankare daga aikin wani wanda shi ma haka ya ce. Daga baya na gane laifin yarjejeniyarmu ne: na yi masa kuɗin aiki gaba ɗaya, don haka duk ranar da ya ƙara asararsa ce. Muka sake magana, kowane sashe da kuɗinsa, a yanke har sai an kai ƙarfe mai haske, in gani da idona kafin a rufe. Daga ranar ba mu sake musu ba, kuma aikinsa ya yi kyau ƙwarai.

Na kuma sayi rabin daɓen Beetle ina murna, na kawo gida na tarar shasin Igala ya fi shi faɗi. Da sabon kwano aka buga mata nata.

Birki ban yi ciniki da shi ba. Man birki yana shan damshi, shekara 20 kuma ta isa ta daskarar da komai, don haka babban famfo, ƙananan na tayoyin baya, tiyo na roba, duk sababbi, na gaba masu faifai kuma aka wargaza aka sa musu sababbin robobi. Tiyon fetur ma haka, daga tanki har kafireta, da maɗauri a kowane baki, domin a wannan inji fetur yana wucewa ne kusa da distiributa, kuma gobarar irin motocin nan yawanci daga nan take tashi. Tanki aka wanke. Wayoyi, ɓeraye sun riga sun yanke hukunci, riwaya ya ja sababbi a kan launukan asali. Tayoyi na duba lambobi huɗun da ke gefensu, mako da shekarar da aka yi su, kafin in biya.

Neman kaya

Kayan inji ba su yi wuya ba, kuma akwai dalili. An ci gaba da ƙera Beetle a Meziko har 2003, Kombi mai sanyaya da iska kuma a Burazil har 2005, don haka har yanzu ana yin fistin, metal, gaskit da kulocinsu. Tsakanin Panteka, Ƙofar Ruwa a Kano da wani da ya dubo mini a Ladipo ta Legas, na haɗa abin da nake so. Wahalar tana kan abin da Igala kaɗai ke da shi: gilasai, fitilun baya, robobin ƙofa, hannun ƙofa. In ka rubuta Igala a intanet da wuya ka samu kayanta, sai ka nema da sunan Brasília. A can ma mai ƙofa biyu a gefe ce ta cika gari, mai huɗu irin tamu ba ta da yawa, shi ya sa robar ƙofofin baya ta fi komai wuyar samu. Gilashin gaba kuwa kamar ƙwai muka riƙe shi. Ba mu ɓamɓare shi ba, tsohuwar robar muka yanka da reza muka ɗauke shi mu biyu, ya yi wata takwas a bayan gadon Inna naɗe da bargo.

Launinta na asali na same shi a ƙarƙashin kujerar baya inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ruwan ƙwai mai duhu, ba farin da ta koma a waje ba. Na yanko ɗan guntu daga kwanon da za a zubar na kai wa mai haɗa fenti. Fesawar muka jira ƙarshen damina, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙurar hunturu ta sauko, muka zagaye rumfar da leda, muka jiƙa ƙasa, mai fenti ya fara da asuba. Duk da haka in ka kalli rufin a karkace za ka ga 'yan ƙurarraki. Fentin gida ne, ban ɓoye wa kowa ba.

Tashi da gwaji

Kafin mu tayar, muka zuba baƙin mai lita 2.5, muka cire fulogi muka juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu. Baffa ya bi wayoyin fulogi da yatsa yana faɗin jerin da silinda ke kama wuta, 1, 4, 3, 2, ya saita kwantak a milimita 0.4. A juyi na uku ta kama. Wanda ya taɓa jin ƙarar irin injin nan ba ya manta ta. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya bakin rumfa ba ta matso ba, ta daɗe, sannan ta ce, "Haka take yi in ya shigo layi. Allah ya jiƙan Malam." Muka bar injin yana gudu an ɗan taka masa totur kimanin minti 20, muka kashe, muka zubar da man da ɗuminsa. Wannan inji ba shi da matatar mai irin ta motocin yanzu, 'yar rariya ce kawai a gindinsa, don haka sauya mai a kai a kai shi ne matatarsa.

In aka bi lissafi, aikin ya ci shekara ɗaya da rabi. Bodi da fenti sun ci fiye da ninki biyu na abin da inji ya ci, akasin yadda na tsara. Abin da na kashe gaba ɗaya zai sayi tsohuwar Golf mai tafiya, kuma in na ce zan sayar da Igalar yau ba zan mayar da kuɗina ba. Wanda ke neman motar zuwa aiki ko ta haya, ba na ba shi shawarar bin wannan hanya. Wanda kuma yake da dalili irin nawa, zan ce masa ya kankare bodi ya ga gaskiyarsa kafin ya sayi ko wosha, ya gicciya ƙarfe kafin ya ɗaga komai, kuma duk abin da makanike ya ce ba shi da amfani, ya karɓa ya sa a gwangwani ya rubuta masa suna.

Bayan na sabunta takardu na yi makonni ina zagaya unguwa da ita, sai wata Asabar muka kama hanyar Zariya ni da Baffa, da rana tsaka da gangan. Murfin injin na sa masa sabuwar roba da abin tare zafi, warin fetur da hayaƙin da na tuna tun ina yaro a kujerar baya babu shi, ƙarar dai tana nan. Baffa ya ce in sa ido kan jar fitilar dainamo, in ta kama in tsaya nan take, domin ma'anarta fanbel ya tsinke, fanka ta tsaya. Ba ta kama ba. Da muka wuce Jaji ya ce in sauka gefen titi. Ya ɗaga ƙofar baya, ya buɗe murfi, ya zaro sandar awon mai ya riƙe ta da yatsu biyu yana kallona, zafi bai sa ya sake ta ba. Ya mayar, ya ce mu tafi.

Akwai sauran aiki. Fitilar baya ta dama a tsage take, na manne ta kafin in samu wata. Robar ƙofar but tana hanya daga Burazil. Agogon mai yana nuna rabi ko da tanki a cike yake.

Washegari bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa rumfar, na kwanta a kan kwali na ɓalle murfin bawul na hagu, na juya injin da hannu har silinda ta 3 ta zo kan wuta, na zura ƙarfen awo na 0.15 a bawul ɗin fitar hayaƙi. Ya shige da ɗan ja, yadda muka bar shi. Na buɗe littafin Baba, na tsallake layi ɗaya a ƙarƙashin rubutunsa na ƙarshe, na rubuta.